Yadda Aka Gayyace Ni Damagaram Ni Uku

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kuma ba mu ƙafar taka ta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin natsuwa ba. Duk majalisar da na zauna a Laranto sai wani ya ce, "Malam Ishaƙa, yaya Nijar ɗin?" Ina farawa sai a kira salla, ko wani ya shigo a ce in koma farko. Wasu kuma sun riga sun ji labarin a bakin abokina Pam, wanda ya zuba masa gishiri har ba ya ciwuwa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, wanda ya tambaya in miƙa masa, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Wanda bai san ni ba, ga yadda nake. A makarantar allo na koyi rubutu, daga nan na koyi zayyana, wato adon da ake yi wa allon wanda ya sauke Alƙur'ani. A unguwa ana ce mini Malam Mai Zayyana. Da na yi iyali na ga zayyana ba ta cika tukunya sai lokacin sauka, sai na ɗauki buroshi na shiga tasha ina yi wa manyan motoci ado, ina rubuta allunan shaguna. Direbobi suka sa mini Oga Fenta. Mahaifinmu kuwa masassaƙi ne, hannuna bai manta ba, ina sassaƙa ƙofofi. A Katako, inda nake sayen itace, ba su san ni da wani suna ba sai Mai Gizago.

Shagon da nake aiki na gado ne, ni da wana, Yaya Sabo. A shekarun nan da wayar hannu ta shigo, aka kuma kawo injin da ke buga allon shago a kan leda tun mai shi bai gama cin goro ba, aikina ya ja baya ƙwarai. Yaya Sabo ya same ni wata safiya ina wanke buroshin da ban yi aiki da shi ba.

Ya ce, "Ishaƙa, shagon nan ya zama ɗakin ajiyar gwangwani. Ka kwashe ka kai gida, in zuba wayoyi da katin waya."

Na ce, "Yaya, ai ana nema na a Damagaram."

Gaskiya na faɗa. A cikin watan nan wani direba ya tsaya a unguwa ya ce wani Alhaji Habu, mai motoci a Damagaram, yana gina masaukin direbobi da masallaci, yana son Malam Mai Zayyana ya je. Ba a jima ba wani direban ya same ni a tasha ya ce Alhaji Habu yana neman Oga Fenta. Ina Katako kuma na uku ya dafa kafaɗata ya ce Alhaji Habu yana gaishe da Mai Gizago, ya ce in taho ranar kaza. Na ce a raina, wannan bawan Allah akwai naci.

Yaya Sabo ya ce, "To, je ka. In ka dawo da aikin da zai riƙe shagon, na bar maka. In ka dawo da labari, ka kwashe gwangwanayenka." A kan haka muka tsaya, kuma Yaya ba ya magana biyu.

Pam kuwa maƙwabcin shagona ne, mutumin Birom. Yana ɗaukar hoto, yana kaɗa jita a cocinsu, yana jagorantar taron biki, yana buga kalanda. Abin da ya bambanta mu shi ne duk Jos suna ɗaya ta san shi da shi, Pam Mai Rawaya, domin tun da na san shi ban ga wata riga a jikinsa ba sai rawaya. Matarsa ta ce har gidan makoki sai ta yi da gaske. Da ya ji zan yi tafiya ya ce zai raka ni, wai bai taɓa ganin raƙumi a garinsu ba sai a hoto.

Muka shiga bas da hantsi ta hanyar Saminaka. Tun ba mu gangara daga dutse ba ya fara karatun da ya saba yi mini.

"Malam, matsalanka ɗaya ne. Mutane ba su da lokaci. Kai ɗaya, suna ɗaya, kala ɗaya. Ni ko akuya ya gan ni ya san Pam ne. Kai kuwa kana aiki kamar ɓarawo, ka gama ka gudu, ko suna ba ka sa ba."

Na ce, "Malaminmu ya hana. Ya ce mai rubutu ya ɓoye kansa, aikin ya nemo masa addu'a."

"Addu'a ya san adireshinka. Kwastoma fa?"

Sai na ciro carbi.

A Saminaka muka tsaya cin masara. Da direba ya buɗe bayan mota, sai ga gwangwanin shuɗin fentina ya buɗe baki a hanya, ya malala a kan buhun dankalin wata mata mai kai kaya Kano, ana ce mata Mama Talatu. Ta tsaya ta dubi buhun, ta dubi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, idonta ya sauka a kan Pam, domin shi ne ya yi kama da mai fenti.

Pam ya ce, "Mama, ki gode Allah. Duk kasuwan Kano ke kaɗai ne mai shuɗin dankali. Gobe kowa zai ce a kai shi wurin mai shuɗi."

Ta ce, "Gobe kowa zai ce a kai shi wurin mai rawayar da aka fasa wa baki."

Na fito na ce fentin nawa ne, na ba ta haƙuri. Muka zazzage buhun a bakin titi, muka ga na sama ne kawai suka taɓu. Ta yafe, bisa sharaɗin in rubuta wa rumfarta allo in na koma Jos. Har muka isa Kano ba ta sake kallon Pam ba, sai dai duk ramin da mota ta faɗa sai ta ce, "Mai rawaya, duba mini ko jan ma ya zube."

A Kano muka kwana wurin wani ɗan ƙanwar mahaifiyata a Fagge. Mutumin Jos ba ya sanin Allah ya yi masa ni'imar sanyi sai ya kwana a ɗakin Kano. Pam ya fita sayen kankana ya ce wa mai ita, "Wannan ya nuna?" Mutumin ya ce, "Ta nuna, shi ma mai sayen Allah ya nuna mana ranar da Hausarsa za ta nuna." Pam ya dawo yana cewa Kanawa ba su da tarbiyya, amma kankanan yana da daɗi.

Da safe muka kama hanyar Daura, daga nan sai iyaka. A can ɓangaren wani jami'i siriri ya sa aka sauke jakata. Ya ciro gizago ya ajiye, ya ciro buroshi, ya ciro alƙaluman kara da kwalbar tawada, ya jera su a kan tebur kamar mai shirin gwanjo.

Ya ce, "Kayan mutum nawa ne?"

Na ce nawa ne duka.

"Mi ce sana'arka?"

Na gyara tsayuwa na fara daga makarantar allo. Ina isowa kan mahaifinmu ya ɗaga hannu.

"Malam, ban tambaye ka tarihin gidanku ba. Kai hwa, mai rawaya?"

Pam ya zaro katinsa, shi ma rawaya, ya miƙa da hannu biyu. Jami'in ya juya shi, ya yi murmushi, ya sa a aljihu, ya ce Pam ya wuce. Ni kuwa ya ce in zauna a benci in yi tunani, in na tuna sana'ata in gaya masa. Na zauna har direbanmu ya fara danna ham. Daga ƙarshe jami'in ya ji tausayin furfurata ya ce, "Ka ce ɗan kasuwa kamar kowa, ka tashi." Na ce ɗan kasuwa, na yi istigfari a zuci, domin ban taɓa sayar da ko allura ba.

Daga nan ƙasa ta buɗe. A Matamaye muka ga burodinsu, dogo siriri kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi. Pam ya sayi ɗaya ya rasa inda zai sa, ya riƙe shi tsaye tsakanin gwiwoyinsa har Damagaram. Can kuma acaɓa sunansa kabu-kabu, fura sunanta hura, kuma ba abin sha ba ce a wurinsu, abinci ce sosai. Gaisuwarsu doguwa ce, sai an tambayi gida da gajiya da zafi da mutanen da ka baro, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi mini daɗi. A Jos yanzu yaro yana kan babur zai jefo maka "ya dai" ya wuce.

Da azahar muka isa gidan Alhaji Habu, muka tarar ya yi tafiya Agadas sai washegari. Ƙanensa Isuhu ya tarbe mu, mutum mai fara'a, ya kai mu wani ɗaki mai sanyi a zaure. Ina shiga na ga tabarma uku a shimfiɗe, buta uku, kwano uku a rufe.

Isuhu ya ce, "Kai ne Malam Mai Zayyana, an gaya muna kamanninka." Ya dubi rigar Pam ya yi dariya. "Wannan kuwa ba sai an hwaɗa ba, Oga Fenta ne. To ina Mai Gizago?"

Nan take na gane nacin Alhaji Habu. Ba mutum ɗaya ya aika wa sau uku ba, mutum uku ya aika wa sau ɗaya.

Kafin in buɗe baki Pam ya ce, "Motansa ya lalace a Daura."

Isuhu ya ce Allah ya kawo shi lahiya, ya fita. Na ce, "Pam, ka ji tsoron Allah."

"Ina ji, Malam. Amma buɗe kwanon Mai Gizago ka gani."

Na buɗe. Zabo ne guda, a kan shinkafa. An ce musu masassaƙi mai aikin ƙarfi ne, shi ya sa kwanonsa ya fi namu. Na yi niyyar bin Isuhu in gyara magana, sai na tuna ba ladabi ba ne a bar abinci yana jira. Kuma da na duba lamarin ta fuskar shari'a, kwano ukun duk nawa ne, Pam ne ma baƙo a ciki. Na ba shi ƙafa ɗaya.

Bayan mun ci na sake niyya, sai na tarar garin duka ya kwanta. Haka suke yi, da rana ta take sai a rufe shaguna, ba ka ganin kowa sai awaki. Ba a tada mai barci don a ba shi labari mara daɗi. Da la'asar aka kawo shayi, nasu kuwa zagaye uku ne a ɗan ƙaramin kofi, na farko ɗaci kamar magani, kuma wanda ya sha na farko ya tashi ya yi rashin kunya. Na ce bari a gama na uku.

Ba a gama ba Isuhu ya ce, tun da Oga Fenta yana zaune ba aiki, ko zai zana masa raƙumi a bangon shagonsa na gishiri, nan ƙofar gida? Pam ya dube ni. Na miƙa masa buroshi da gwangwani, na ce, "Bismilla, Oga."

Allah ya sani Pam ya yi ƙoƙari. Mutane suka taru a bayansa. Wani ya ce jimina ce, wani ya ce a'a, ƙafa huɗu gare ta. Wani tsoho da ya zo wucewa da jakinsa ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi Isuhu, cikin ladabi, ko a Najeriya tebur yana da wuya.

A nan na ja Isuhu gefe na gaya masa gaskiya. Bai yi fushi ba, sai dai ya tambaya, "To zabon hwa?" Na ce Mai Gizago ya ci, ya kuma gode.

Washegari Alhaji Habu ya dawo. Dogo ne, mai magana a hankali, irin mutanen da ba a ganin haƙoransu sai an yi ciniki. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya aika tasha aka kira direbobin nan uku, da yake duk nasa ne. Ya nuna ni ya ce, "Wane ne wannan?"

Na farko ya ce, "Malam Mai Zayyana ne, Alhaji, shi ya yi allon saukar ɗiyata. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, ko dariya zai yi sai ya rufe baki."

Na biyu ya ce, "Wa? Oga Fenta? Mutumin da ke kan tsani yana rera waƙa yana tsokanar 'yan kamasho? Shi ya zana wa wani mai mota zaki da tumbi irin nasa, sai da aka yi sulhu."

Na uku ya ce, "Ku duka ba ku san shi ba. Mai Gizago masifaffe ne. A gabana ya sa aka sauke katako mota guda saboda ya ji ƙamshin ɗanye."

Suka kaure da gardama, kowa yana rantsuwa nasa ne na gaskiya. Ni dai na sunkuyar da kai, domin babu wanda ya yi mini ƙazafi a cikinsu.

Alhaji Habu ya sallame su. Ya ce, "Malam, aikinka na gani, ba ni da shakka a kansa. Amma na gaya wa gari gwanaye uku za su zo daga Jos. Gobe bayan Juma'a za a yi addu'ar gini. In na hito da mutum guda, za a ce ko na yi ƙarya ko an cuce ni. Kuma mu nan, mai sassaƙa ɗan masassaƙa ne, mai rubutu ɗan malamai ne. In an tambaye ni kai wane ne, mi zan ce? Ka ɗauki rubutun masallaci, shi ya dace da rawaninka. Ƙofofi da bango zan ba mutanen gari. Sauran biyun zan ce ba su samu zuwa ba."

Rubutun masallaci aiki ne mai lada, amma ɗan kaɗan ne, ba zai riƙe shago ba. Na yi godiya na fito. A idona ina ganin Yaya Sabo yana auna bangon shago da igiya.

Da safiyar Juma'a na ɗauki buroshi na je in gyara wa Isuhu bangonsa, don kada mu bar wa Jos abin kunya a ƙasar mutane. Ina cikin mayar da tebur raƙumi sai wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya ce sunansa Kalla, shi ne sanƙiran gidan, wato mai shela da kirari in an yi taro. Muryarsa ko a hankali ya yi magana sai ka ji ta a ƙashin baya.

Ya ce, "Kai ne ka kashe mini mutum biyu?"

Na ce, "Subhanallahi."

"Kirari uku na shirya. Yau Alhaji ya ce in zubar da biyu. Ka san abin da ake ba mai kirari guda? Ba ya kai ni kasuwa."

Pam, wanda tun shekaranjiya yake tafiya a raɓe, ya ji ana maganar suna sai ya farfaɗo. Ya ruga ya ɗauko kundin hotunansa, ashe duk aikin da na yi a shago yana ɗauka ban sani ba. Kalla ya karɓa yana buɗewa da yatsa mai yawu. Ga goshin motoci, ga allunan shaguna, ga ƙofofi, ga allunan sauka a hannun yara ranar walima.

Pam ya ce, "Ni na ce a sa masa Ishaƙa Fenti Da Sassaƙa Da Sauransu."

Kalla bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ba na yi wa mutum kirari da kayan aikinsa. Gizago kowa na iya saye a kasuwa." Ya ƙara buɗe wasu. "Malam, ka taɓa yin abin da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki? Gado, ko akwati?"

Na yi tunani na ce ban taɓa ba.

"Haka na gani. Kai duk aikinka a bakin ƙohwa yake tsaye. Mota ba ta iso ba, aikinka ya iso. Mai shago bai hito ba, aikinka ya gaida mai saye. Allon nan ma shi ake tarbar baƙin walima da shi. Sana'arka guda ce, tarbar baƙo. Alhaji kuwa mi yake ginawa? Masauki." Ya rufe kundin ya miƙa wa Pam. "Malam Maraba. Shi ke nan."

Na ce, "Malam Kalla, ni an hore ni da gudun yabon kai."

Ya ce, "Wa ya ce kai za ka yi? Kai dai ka zauna ka sunkuyar da kai ka yi ta istighari. Zunubin ni zan ɗauka, gadonmu ne."

Na tambaye shi ko Alhaji ya san da wannan. Ya ce Alhaji zai sani lokacin da kowa zai sani. Na buɗe baki in hana, sai na ga raƙumin Isuhu bai da ido, na koma na sa masa.

Bayan Juma'a aka taru a filin ginin, malamai a gaba, attajirai a kan kujeru, direbobi a tsaye. Aka yi addu'a aka shafa. Kalla ya miƙe ya gyara hula. Ya fara da Alhaji Habu da kakanninsa, har ya iso kan baƙi. Na ga Alhaji ya ɗaga masa yatsa ɗaya, yana tuna masa. Kalla ya gyaɗa kai kamar ya ji.

Sai ya ce, da muryar da ta tada tattabaru daga kan katanga, "Jama'a, kowane attajiri in zai yi gini sai ya tara mutum uku, su yi ta hwaɗa a kan tsani. Alhaji Habu ya aika Jos neman uku, Allah ya dunƙule masa su cikin riga guda. Ga shi nan zaune, Malam Maraba na Jos. Shi zai sassaƙa ƙohwa, shi zai yi wa bango ado, shi zai rubuta sunan Allah a masallaci. Wanda ya taɓa ganin irinsa a gidan wani, ya tashi ya hwaɗa."

Ba wanda ya tashi. Ni kuwa kaina yana ƙasa, ina istigfari kamar yadda aka umarce ni, amma ba zan ɓoye ba, kunnena ɗaya yana sama. Attajiran suka fara juyowa suna miƙa wa Alhaji hannu. Wani ya ce, "Alhaji, kullum sai ka riga mu." Wani ya tambaya ko in na gama zan duba masa ƙofar gidansa. A ranar na fara ganin haƙoran Alhaji Habu.

Da aka watse ya kira ni gefe. Ya ce, "Kalla ya ɗaure ni a gaban mutane, kuma na ga igiyar ta yi mini kyau. Ka koma ka shiryo kayanka, aikin duka naka ne. Sharaɗi guda, mai rawayar nan kada ya sake taɓa buroshi a ƙasar nan."

A hanyar dawowa Pam bai bar ni na runtsa ba. "Shekara nawa ina gaya maka? Sai da mai ihu ya faɗa ka yarda. Yanzu saura kala. Kore zai yi maka." Na ce ya bar ni da farar rigata. Mun tsaya Kano na sayi fenti, muka ɗan yi ziyarar dangi, saboda haka direbobin Alhaji suka riga mu isa Jos.

Na sami Yaya Sabo na ba shi labari tun daga Saminaka. Ya saurara, ya ce, "Aikin na ji. Sunan ne ban gane ba." Bai ce ya bar shagon ba, bai ce in kwashe ba. Ya ce sai ya gani.

Washegari da hantsi muna zaune a shago, ni ina ɗaure kayan komawa, shi yana kallon bango. Sai wata Hajiya ta sauko daga mota ta yi sallama. Ta ce ta gina makaranta a hanyar Naraguta, tana son ƙofa da allo da rubutu a bango, direbobi sun ce mata ta zo Laranto ta nemi Malam Maraba.

Na amsa sallama, na yi tunani sosai, da yake kunnena bai saba da sunan ba tukuna, na ce, "Wallahi Hajiya ban san shi ba. Ki gwada layin baya."

Ta yi godiya ta juya. Na ci gaba da ɗaure igiya. Sai na ji kujera ta faɗi. Yaya Sabo, mutumin da tun rasuwar mahaifinmu ban ga ya yi sauri ba, ya tattare babbar riga ya bi motar da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana kira, "Hajiya, tsaya. Nan ne shagonsa. Ni ne wansa."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu.